Da Hausa Zan Rubuta Shi

Kibiya, Jihar Kano.
Sha'aban 1428, Agusta 2007.

Zuwa ga Yayana Uzairu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Juwairiyya da yara. Yaya karatu, yaya zaman baƙunta a Malesiya? Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa ka kammala abin da ya kai ka, Ya dawo mana da ku cikin aminci. Mu nan duk lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Na zaɓi in rubuto maka da hannu in ba Mukhtar ɗan Alhaji Alu na Rano, wanda zai taho makarantarku fara karatu, maimakon in je kafe in aiko ta imel. A kafe mutum yana rubutu ana leƙa masa ta bayan kafaɗa, kuma maganar da ke bakina ba ta 'yan kallo ba ce.

Iya tana nan kalau, sai dai gwiwar nan da ke damunta duk lokacin da ruwa ya yi yawa. An ba ta magani a asibiti, tana sha idan ta ga dama, idan ba ta ga dama ba ta ce man zafin da take shafawa ya fi. Damina ta yi kyau bana. Geron gonar Kahu ya fitar da kai, dawa ta yi tsayi har tana rufe mutum, gyaɗa ce kawai ruwa ya ɗan yi wa yawa a kwari. 'Yar'uwarmu Fulera ta sauka lafiya, an samu namiji, an sa masa sunan marigayi Baba, muna kiransa Abba. Nuriyya tawa ta shiga Islamiyya, kullum ta dawo sai ta tara mu ta yi mana karatu da karan dawa a hannu, ita ce malama. Duk jirgin da ya wuce ta sama sai ta ce Kawu Uzairu ne a ciki yana leƙo mu. 'Yan siyasa kuwa tun da aka gama zaɓe ba mu sake ganin ƙeyarsu ba, sai hotunansu da ruwan sama ke wankewa a jikin bango.

Yanzu in zo ga dalilin wannan takarda, kuma ka yi haƙuri, Yaya, don yau ba zan yi kwana-kwana ba. Ranar Juma'ar da ka buga wa Bappa Idi waya, wataƙila ka ɗauka ku biyu kaɗai kuke magana. Ka manta kunnen Bappa ya yi nauyi, ba ya amsa waya sai an buɗe masa lasifika. A zaurensa yake zaune bayan an sauko daga masallaci, tare da mutane, kuma cikin mutanen akwai maigidana, Baban Nuriyya, wanda ya tsaya gaishe shi. Da kunnensa ya ji ka ce shi ne ya ɗaure ni a Kibiya, wai yana tsoron in je waje in yi digiri in fi shi, wai gurbin karatun da ka sha wahala ka samo mini zai wuce saboda son zuciyar malamin asibitin ƙauye. Ya ji ka ce littafin da nake cewa zan rubuta dabara ce kawai da aka ƙirƙiro don a rufe bakin dangi. An ce babu wanda ya ɗaga kai a zauren har ka gama. Shi kuwa ya yi wa Bappa sallama ya taho gida, ya ci abincinsa, ya yi wasa da 'yarsa, bai ce mini uffan ba. Sai da matar Bappa ta zo washegari tana ba ni haƙuri a kan abin da ban san ya faru ba, sannan na ji labari.

To, ka ji gaskiyar magana daga bakina. Ranar da takardun makarantar suka iso, Baban Nuriyya ya fi ni murna. Shi ya kai ni Kano muka yi fasfo, muka yini a layi. Shi ya je ya roƙi Iya ta riƙe Nuriyya idan na tafi. Da na ce masa na fasa, ya yi ta lallashina, har ya ce kada in bari a ce a gidansa karatuna ya mutu. Ni na ƙi. Ni, Nana Khadija, ƙanwarka da ka sani tun tana ƙin shan koko idan ba a kofinta aka zuba ba. Idan akwai mai taurin kai a wannan magana ni ce, kuma ka san inda na samo shi, tunda gida ɗaya muka tashi. Cin fuskar da aka yi masa ya ƙona mini rai, amma akwai wani abin da ya ƙara ƙona shi: ka kasa yarda cewa zan iya yanke shawara da kaina, sai dai a ce wani namiji ne ya yanke mini. Ina roƙonka ka ba shi haƙuri, kuma ba a ɓoye ba. Ka kira shi ta wayar Bappa ranar Juma'a, mutanen da suka ji maganar farko su ji ta biyu.

Bappa ya aiko aka kira ni. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini faɗa sosai. Ya ce a duk zuriyarmu ba macen da aka taɓa kira ƙasar waje karatu, mutane suna neman irin wannan dama har da hawaye, ni kuma na sa ƙafa zan shure ta saboda littafin da ba wanda ya ce in rubuta. Na bari sai da ya gama, sannan na ce masa na san wataƙila ba za a sake kira na ba har abada, kuma na yarda da hakan. Na ce ina da mutane a hannu da na fara koya wa wani abu, sun fara ganewa, idan na tafi yanzu ban bar musu komai a rubuce ba, abin zai bi ruwa. Bappa bai gamsu ba, har yau bai gamsu ba. Ya ce shi dai ya faɗi nasa. Da aka kai ƙarata wajen Iya, ta ce macen da ta haihu, take kuma koyar da 'ya'yan wasu, ba a yi mata dole, amma na ga ita ma ranta bai so ba. Saboda haka kada ka ɗauka akwai wanda ke zuga ni. Ni kaɗai nake tsaye a kan wannan magana.

Bari in gaya maka yadda abin ya faro, tunda ba ka tambaye ni ba. Ka san da safe ina koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, inda aikin bai wuce kunnawa da kashewa da buga rubutu ba. Bara Malam Zulkifilu mai shagon kwamfuta a Rano ya ba ni ɗakin baya in riƙa koyar da manya da yamma yadda ake haɗa manhaja. Mutane suka zo da zumuɗi, malaman firamare, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwa, har ɗakin ya yi mana kaɗan. Na fara musu kamar yadda aka fara mana a kwalejin fasaha: baƙin allo, farin rubutu, ka buga umarni da Turanci, na'ura ta haɗa maka lamba biyu ta ba ka amsa. Ina karanto musu bayani daga littafin Turancin da na yi karatu da shi, ina fassarawa a tsaye. Ba a jima ba ɗakin ya koma wayam. Wani malami da na haɗu da shi a tasha ya gaya mini ba kunya cewa shi ya zo ne ya koyi yin abu irin wanda yake gani a kwamfutar banki, mai gurbin rubuta suna da wurin dannawa, ni kuma na zaunar da shi gaban duhu ina sa shi lissafin da ɗansa na aji uku zai yi da ka.

Na ji haushin maganarsa, daga baya na ga gaskiya ya faɗa. Sai na juya darasin. Cikin 'yan kaɗan ɗin da suka rage akwai Huseina, ungozoma ce daga Nariya, wadda take hawo motar kasuwa ta zo, wani lokaci ko kayan aiki ba ta cire ba. Ranar na buɗe mata taga a allon kwamfuta babu komai a ciki, na ce ta jawo maɓalli da linzamin kwamfuta ta ajiye duk inda take so. Ta ajiye a tsakiya, ta ƙara masa girma, ta yi rubutu a jikinsa, ta mayar da shi kore. Sannan na ce mata wannan maɓallin ba zai yi komai ba sai ta gaya masa abin da zai yi idan an danna shi. Layi ɗaya tak ta rubuta. Da ta danna, sai ga ƙaramar taga ta fito tana yi mata sannu da zuwa. Yaya, matar nan da ta karɓi haihuwa ba adadi hannunta bai taɓa rawa ba, sai ga ta ta rufe baki da mayafi tana dariya, tana dannawa tana sake dannawa. Yanzu ita da kanta ta haɗa wata 'yar manhaja da ake zaɓar ranar da aka haifi jariri, a danna, ta nuna lokutan da za a dawo da shi rigakafi. Ba wani babban abu ba ne, kai za ka yi irinta kafin shayinka ya huce. Amma ita ta yi, kuma ta san dalilin kowane layi da ke ciki.

Labari ya bazu, waɗanda suka gudu suka fara dawowa, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Cikinsu akwai Ɗanmalam na Zurgu, direban bas da ke jigila tsakanin Rano da Kano. Ka san shi, ajinku ɗaya a firamare. Darasin ranar shi ne akwatin rubutu: ka sa sunanka, ka danna, na'ura ta gaishe ka da sunan. Kowa ya yi ya fito daidai. Da aka zo kansa, na taimaka masa muka sa harafin farko na sunansa yadda ake rubuta shi, da lanƙwasarsa. Yana dannawa sai na'ura ta gaishe shi da alamar tambaya a madadin harafin. 'Yan aji suka fashe da dariya, wani ya ce kwamfuta ma tambaya take ko ɗan wane ne. Ɗanmalam bai yi dariya ba. Ya juyo ya tambaye ni ko na'urar ba ta san da mu ba ne. Na duba littattafan Turancin da nake da su kaf, babu wanda ya ce kanzil a kan ɓ da ɗ da ƙ, don waɗanda suka rubuta su ba su taɓa buƙata ba. Sai da na je Kano wajen masu buga littattafan Hausa, wani ya ba ni irin salon haruffan da suke aiki da shi, na sa a kwamfutocinmu, sunansa ya fito. Amma na san faci ne kawai, don idan an kai manhajar wata kwamfutar da ba ta da haruffan, abin ya sake lalacewa. Idan akwai hanyar da ta fi wannan a can wurinku, ina so in sani. A motar dawowa daga Kano ne na yanke cewa littafin nan sai an rubuta shi, kuma wanda ya ga fuskar Ɗanmalam a ranar nan shi ya kamata ya rubuta.

Ga yadda na tsara shi, ko za ka daina kiransa dabara. Ba zan buɗe da tarihin kwamfuta da sunayen waɗanda suka ƙirƙiro ta ba, mai son wannan ya nema a wani wuri. A shafin farko mutum zai buɗe taga, kafin ya kai ƙarshen babin ya ga abin da ya yi da hannunsa yana aiki. Daga nan sai maɓalli, tare da abin da na ga ya fi rikita masu koyo, wato cewa irin wannan manhaja ba ta farawa daga sama ta gangaro ƙasa ta ƙare. Zama take yi tana jira, kamar mai kanti, sai an danna wani abu ko an rubuta wani abu sannan ta motsa, in ta gama ta koma ta zauna. Idan mutum ya gane wannan, sauran da sauƙi. Sai akwatin rubutu, da jerin zaɓi, da yadda ake jera su a taga don wanda bai taɓa ganinta ba ya san inda zai fara ba sai an tsaya a kansa ba. Lissafi da sharaɗi da maimaita umarni, waɗanda ku kuke farawa da su, ba zan jibga wa mai koyo su tun farko ba, duk inda maɓalli ya buƙaci ɗayansu a nan zan shigo da shi. Babin kuskure kuwa na matso da shi gaba sosai, don na ga yadda babban mutum yake janye hannu daga linzami idan saƙon kuskure ya fito, kamar ya fasa kayan mutane. Zan sa su yi kuskuren da gangan, su karanta abin da na'ura ta ce, su gyara. A nan ne kuma zan koya musu adana aiki tun kafin su rubuta layi na biyu, saboda wutarmu ba ta sallama idan za ta tafi. Haruffanmu masu lanƙwasa suna da babi guda nasu. Misalan kuwa duk na gida ne, awon hatsi daga kwano zuwa buhu, ranakun kasuwanninmu, sakamakon ɗalibai, abin da mutum zai gani ya ce wannan ai aikina ne. Har yanzu ban yanke yadda zan yi da hotuna ba. Littafin taga ba ya yiwuwa babu hoton taga a kusan kowane shafi, kuma masu ɗab'i sun ce hoto yana fitowa dishi-dishi a takardarmu. Wataƙila in sa a zana su da hannu.

A kan kalmomi, na yarda da kai a abu ɗaya. Umarnin da ake rubuta wa na'ura na Turanci ne, kuma haka zan bar shi, ba zan ƙirƙiro wani sabon yaren kwamfuta ba. Amma 'yan kalmomi ne, ba su kai sunayen kayan mota da direba ke haddacewa ba. Bayanin ne zai zama da Hausa. Kuma ba ni kaɗai nake zaɓen kalmomin ba, a aji muke yi. Mun yi musu a kan abin nan da ake riƙewa a hannu ana nuni da shi, wasu suka ce a kira shi ɓera yadda Turawa suka yi, Huseina ta ce ita ba za ta yini tana shafa ɓera ba, aka tsaya a kan linzami. Duk kalmar da na kawo, idan na ga sai na yi dogon bayani kafin a gane ta, jefar da ita nake yi in nemi wata.

Kada ka ce ban nemi shawarar masana ba. Na ɗauki tsarin na kai wa wani malamin jami'a da aka yi mini kwatancensa. Ya karɓe ni da mutunci, ya duba, ya ce tsarin ya yi kyau, musamman yadda na fara da taga. Sannan ya ce Hausa harshen labari ce da wa'azi, ba za ta ɗauki wannan ilimi ba, kuma wanda bai iya Turanci ba ba shi da abin yi da kwamfuta tun farko. Ya ce in mayar da shi Turanci, a sa sunansa a sama tunda difloma kawai gare ni, nawa a ƙasa, shi kuma zai sa ɗalibansa su saya. Na yi masa godiya, na miƙa hannu na karɓi takarduna. Ya ce zan yi nadama. Na ce masa wataƙila, amma nadamar tawa ce, zan iya ɗauka. Da na fito na tsayar da A Daidaita Sahu zuwa tasha. Ka ga ba kai ne na farko da ya ce mini ba zai yiwu ba, sai dai naka ya fi zafi.

Wani abin kuma, Malam Zulkifilu ya ce bayan Sallah zai karɓi ɗakinsa ya ƙara kwamfutocin intanet, don masu duba sakamakon jarrabawa sun fi mu yawa. Ban ga laifinsa ba, shagonsa ne. Baban Nuriyya ya kwashe babur ɗinsa da buhunan da ke zaurenmu, ya sa an yi wa ƙasan siminti, ya jawo wuta, yanzu yana neman ƙaramin janareta na hannu. Da kwamfuta biyu za mu fara, tawa da wata tsohuwa da aka gyara. Ɗanmalam ya ce duk ranar darasi zai ɗebo na Rano a motarsa ya kawo su Kibiya idan ya sauke lodinsa. Ban san ko za su jure ba, hanya ce kuma kowa da hidimarsa. Ko mutum uku suka rage, a kansu zan gwada kowane babi kafin in ce ya kammala.

Kuma Yaya, akwai abin da nake so ka tuna. Lokacin da kake Zariya, ka zo hutu da wata tsohuwar kwamfuta da abokinka ya ba ka aro, ina 'yar sakandare. Kowa ya hana ni taɓawa, kai ka jawo ni ka zaunar a kan tabarmar ɗakin Baba. Da wane harshe ka yi mini bayani? Ni dai ban ji ka yi Turanci ba. Ka ce mini na'urar nan ba ta da wayo ko kaɗan, 'yar aike ce mai biyayya da ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata, idan ta yi shirme to wanda ya aike ta ne ya yi shirme. Da wannan maganar na shiga kwaleji ba na tsoron kwamfuta, alhali 'yan birni suna rakuɓe da ita. Yau kai ne kake cewa Hausa ba za ta iya ba, bayan da ita ka buɗe mini kai. Na samu ne don ni ƙanwarka ce. Huseina ba ta da yaya a jami'a, Ɗanmalam ma haka. Littafin ne zai zauna musu a inda ka zauna mini.

Saboda haka takardun makarantar suna cikin ambulan ɗin nan. Ka mayar musu, ka yi musu godiya, ka ce a ba wani. Na san wahalar da ka sha a kansu, kuma Allah Ya sani na yi kuka ranar da na ninke su. Ban raina ƙoƙarinka ba, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba 'ya'yanka masu yi musu fiye da haka. Amma ba zan zo ba. A ƙarƙashinsu za ka ga babin farko, da rubutun hannuna. Ka ɗauki jan biro ka bi umarnin da na rubuta layi-layi, duk inda na yi kuskure ka nuna mini, kada ka tausaya mini, don a wannan ka fi ni nesa ba kusa ba. Hausar kuwa ka bar mini, a nan na fi ka, tun ba yau ba. Idan ka duba, zan ji daɗi fiye da yadda zan iya faɗa. Idan ka ƙi, zan buga shi da kurakuransa, masu karatu su gyara mini. Ko ka sa hannu ko ba ka sa ba, da yardar Allah littafin zai fito.

Iya tana gaishe ka da kyau, ta ce ka riƙa cin abinci, kuma azumi ya ƙarato kada ka bar karatu ya hana ka sahur. Ta ba Mukhtar kuka da daddawa da yajin da ta daka da kanta, ta ce na Anti Juwairiyya ne, ba naka ba. Bappa Idi da iyalinsa suna gaisuwa, haka Fulera da maigidanta. Ka gaishe mini da Anti Juwairiyya, ka shafa mini kan Asma'u da ƙaninta, ka ce Gwaggonsu tana kewarsu. Ka kula da Mukhtar, bai taɓa wuce Kaduna ba. Gaisuwar Baban Nuriyya kaɗai ce ba za ka gani a nan ba, don bai san na rubuta wannan takarda ba. Da ya sani da ya hana ni, kuma da wannan ne karo na farko da ya taɓa hana ni wani abu.

Allah Ya kai mu watan azumi lafiya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka har kullum,
Nana Khadija.